Malami ya ce taƙaitawa na yi: yaya ake rubuta sharhi a kan tarihin shugaban ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An ba mu aiki a makaranta, kowa ya karanta tarihin rayuwar wani shugaban ƙasa, ya rubuta ra'ayinsa a shafi uku. Na zaɓi Abraham Lincoln na Amurka, na karance littafin tas, na rubuta. Da takardar ta dawo sai na ga malaminmu ya rubuta a kai da jan biro: "Wannan taƙaitawa ce, ina ra'ayinka?" Ya ba ni mako biyu in sake. Ni kuwa na faɗi ra'ayina, domin na ce mutumin ya burge ni, kuma na koyi haƙuri da juriya daga rayuwarsa. Me ya rage?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Malaminka bai zalunce ka ba, kuma mako biyun nan sun ishe ka idan ka san inda za ka sa hannu.

Fara da wannan gwaji. Ɗauki jimlarka ta "ya burge ni, na koyi haƙuri da juriya", ka cire sunan Lincoln ka sa na Nelson Mandela. Ta zauna daram. Sa na Julius Nyerere, nan ma ta zauna. Duk jimlar da za ta hau kan kowane shugaba ba ta gaya wa malaminka komai game da wanda ka karanta ba, kuma ba ta nuna cewa ka karanta ɗin ba, domin wanda bai taɓa buɗe littafin ba ma zai iya rubuta ta. Malaminka ya riga ya san an haifi Lincoln a 1809 a jihar Kentucky, ya san an harbe shi ranar 14 ga Afrilu 1865. Abin da bai sani ba, wanda kuma kai kaɗai za ka iya gaya masa, shi ne hukuncin da ka yanke bayan ka karanta, da dalilin da ya sa ka yanke shi.

A taƙaitawa mutum ɗaya ne a fili, wato shugaban. A sharhi mutum uku ne: shugaban, da marubucin da ya ba ka labarinsa, da kai mai karatu. Yawancin ɗalibai mantawa suke yi da na biyun gaba ɗaya, su riƙa rubutu kamar littafin taga ce da suka leƙa suka ga Lincoln da idonsu. Alhali wani ne ya zaɓi abin da zai sa a ciki, ya zaɓi abin da zai bari, ya ba wani al'amari babi guda, wani kuma layi biyu. Saboda haka daga wurinsa za ka fara.

Kada ka sake karanta littafin daga farko. Buɗe shafin da ke bayan sunan littafin ka duba shekarar da aka fara buga shi, ka karanta gabatarwa da shafin godiya, sannan ka juya ƙarshe ka ga manazartar da marubucin ya jera. Wannan aikin minti talatin ne, amma yana canza yadda za ka karanta sauran. Abin da kake nema: wane ne shi a wurin shugaban, yaushe ya rubuta, kuma daga ina ya samo labarinsa?

A kan Lincoln wannan tambaya tana da nauyi sosai. Sakatarorinsa biyu, John Nicolay da John Hay, sun fitar da tarihinsa a juzu'i goma a 1890. Sun zauna da shi a fadar shugaban ƙasa, sun ga takardunsa, amma takardun a hannun ɗansa Robert suke, kuma da yardarsa suka yi aikin. So hana ganin laifi. Abokin aikinsa na lauya kuwa, William Herndon, wanda littafinsa ya fito a 1889, ya tattara yawancin labarin ƙuruciyar Lincoln ne daga bakin mutanen da ya yi hira da su bayan mutuwarsa, wato tsofaffi masu tuna abin da ya faru shekara talatin ko arba'in da suka wuce game da mutumin da a lokacin ya riga ya zama gwarzon ƙasa. Herndon kuma ba ya shiri da matar Lincoln, kuma hakan ya bayyana a yadda ya siffanta ta. Takardun Lincoln da ke hannun iyalinsa ba a buɗe su ga jama'a ba sai a 1947. Ke nan idan littafinka ya fito bayan wannan shekara, marubucin yana da damar ganin abin da mafi yawan na gabansa ba su gani ba. Idan kuma ɗan ƙaramin littafi ne da aka yi wa 'yan makaranta, babu manazarta ko ɗaya a bayansa, to wannan ma abin faɗi ne a sharhinka.

Labaran ƙuruciya su ne wurin da ya kamata ka fi sa ido, domin nan ne ƙari ya fi shiga. Akwai sanannen labarin George Washington, shugaban Amurka na farko, cewa yana yaro ya sare wata bishiya ta mahaifinsa, da aka tambaye shi ya ce shi ba zai iya ƙarya ba. Wani marubuci mai suna Mason Weems ne ya shigar da labarin a bugun littafinsa na 1806, shekara bakwai bayan rasuwar Washington, kuma babu wata shaida daga zamanin ƙuruciyar tasa da ta tabbatar da shi. Duk da haka an shafe shekaru ana koyar da yara shi. Don haka duk inda littafinka ya kawo zancen da aka yi tsakanin mutum biyu a cikin ɗaki, ko abin da shugaban ya raya a zuciyarsa, tsaya ka tambaya: wa ya ji, wa ya rubuta, kuma yaushe? Wasiƙar da aka rubuta a ranar da abin ya faru ta fi ƙarfin tunawar wani bayan shekara ashirin. Idan kuma shugaban ne ya rubuta tarihinsa da kansa, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, gaskiya ne, amma mai waƙa ba ya rera baitin da zai kunyata shi. A irin wannan littafi abin da aka yi shiru a kai shi ne abin lura.

Bayan wannan, ɗauki takarda guda ka jera ranaku goma zuwa goma sha biyu, kada su wuce haka. Haihuwa da mutuwa layi ɗaya ya ishe su. Sauran ka ba shekarun mulki. Wannan takarda ba za ta shiga cikin aikin da za ka miƙa ba, kayan aikinka ce. Amfaninta zai fito nan gaba kaɗan.

Ka kuma tabbatar ka san irin ikon da kujerar take da shi a wannan ƙasa a wannan lokaci, domin sunan "shugaban ƙasa" ɗaya ne amma ikon ya bambanta. Nnamdi Azikiwe ya zama shugaban Najeriya a 1963, amma ragamar gwamnati tana hannun firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wanda ya ɗora wa Azikiwe alhakin kasafin kuɗin waɗannan shekaru ya yi kuskuren adireshi. Shugaban Amurka kuwa shi ne kan gwamnati kuma babban kwamandan askarawa, amma ba shi da ikon yin doka ko gyara kundin tsarin mulki shi kaɗai. Wanda bai riƙe wannan ba ba zai fahimci abin da Lincoln ya yi a 1862 ba.

Yanzu ga zuciyar aikin. Shafi uku ba za su ɗauki rayuwar mutum mai shekara 56 ba. In ka matsa sai ka sa komai, taƙaitawa za ta sake fitowa ko ba ka so. Zaɓi shawara ɗaya da shugaban ya yanke, wadda yana da wata hanyar da zai iya bi amma bai bi ba, wadda kuma mutanen zamaninsa suka yi saɓani a kanta. Hanyar gano ta ita ce ka tuna inda karatun ya tsaya maka: inda ka ji haushi, ko mamaki, ko ka koma baya ka sake karanta shafin. Idan ba ka yi alama ba a karatun farko, yi amfani da fihirisar da ke ƙarshen littafin, ka nemi batun, ka karanta waɗannan shafuka kaɗai. Yawanci ba za su wuce shafi talatin ko arba'in ba.

Bari in nuna maka da batun 'yanta bayi, tunda shi ne aka fi sanin Lincoln da shi, kuma shi ne ɗalibai suka fi rubuta wa jimla ɗaya su wuce: "Lincoln ya 'yanta bayi." Duba abin da ranakun suke faɗi.

A 1858, a muhawarar da ya yi da abokin takararsa Stephen Douglas lokacin neman kujerar majalisar dattawa, Lincoln ya ce bauta zalunci ce, amma a muhawarar garin Charleston na jihar Illinois ya faɗa a bainar jama'a cewa ba ya goyon bayan daidaita farar fata da baƙar fata a harkar siyasa da zamantakewa. An zaɓe shi shugaban ƙasa a Nuwamba 1860 da ƙasa da kashi 40 cikin ɗari na ƙuri'un jama'a. Kafin a rantsar da shi ranar 4 ga Maris 1861, jihohi bakwai na kudu sun ɓalle, daga baya suka zama goma sha ɗaya. Yaƙin basasa ya ɓarke a Afrilu 1861, a ƙasar da ke da bayi kusan miliyan huɗu. Ranar 22 ga Yuli 1862 ya karanta wa majalisar ministocinsa daftarin sanarwar 'yanta bayi. Sakataren harkokin waje William Seward ya ba shi shawara ya dakata har sojojin gwamnati su ci wata nasara, don kada sanarwar ta yi kama da kukan wanda aka kayar. Lincoln ya ajiye daftarin. Wata guda cif bayan haka, ranar 22 ga Agusta, ya mayar wa editan jarida Horace Greeley martani a wasiƙar da aka buga kowa ya karanta, inda ya ce babban burinsa a yaƙin shi ne ceto haɗin kan ƙasar: in zai iya ceto ta ba tare da 'yanta bawa ko ɗaya ba zai yi, in sai ya 'yanta duka zai yi, in kuma ta 'yanta wasu a bar wasu ne, nan ma zai yi. A ƙarshen wasiƙar ya ƙara da cewa wannan matsayinsa ne na mai riƙe da muƙami, amma burinsa na kansa shi ne kowa ya zama mai 'yanci a ko'ina. An gwabza yaƙi a Antietam, cikin jihar Maryland, ranar 17 ga Satumba, sojojin gwamnati suka sami nasarar da ake jira, bayan kwana biyar Lincoln ya fitar da sanarwar farko, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1863.

Ka ga amfanin takardar ranakun? Wanda ya karanta wasiƙar Greeley ita kaɗai zai ce mutumin bai damu da bayi ba. Wanda ya ajiye ta kusa da 22 ga Yuli zai ga cewa lokacin da yake rubuta ta, daftarin yana cikin aljihun teburinsa. Nan tambaya ta gaske ta fito: shin yana shirya zukatan mutanen arewacin Amurka ne, waɗanda da yawansu za su yarda su yi yaƙi don ƙasa amma ba don bayi ba, ko kuwa gaskiyar zuciyarsa ya faɗa, 'yanta bayin dabarar yaƙi ce kawai? Masana tarihi sun daɗe suna jayayya a kan wannan. Kai ma kana da damar shiga, muddin ka kawo shafin da ka dogara da shi.

Akwai ƙarin abin da zai ba ka aiki. Sanarwar ba ta shafi jihohi huɗu masu bayi da suka tsaya tare da gwamnati ba, wato Delaware da Maryland da Kentucky da Missouri. Ɗalibi mai gaggawa zai ce wannan munafunci ne. Kafin ka faɗi haka, nemi dalilin da littafin ya bayar. Lincoln ya kafa sanarwar ne a kan ikonsa na babban kwamanda a lokacin yaƙi, ikon da ya shafi yankunan da ke tawaye, ba jihohin da ke biyayya ga kundin tsarin mulki ba. Sannan birnin Washington yana tsakanin Virginia da ta riga ta ɓalle da Maryland. In Maryland ta bi ta, babban birnin ƙasar ya shiga tsakiyar abokan gaba. Saboda sanarwar matakin yaƙi ce da kotu za ta iya warwarewa bayan an ajiye makamai, sai ya matsa wa majalisar wakilai lamba har ta amince da gyara na 13 ga kundin tsarin mulki ranar 31 ga Janairu 1865, gyaran da ya haramta bauta a ƙasar baki ɗaya, wanda jihohi suka kammala amincewa da shi a Disamba na wannan shekara, bayan ya rasu. Bayan ka san duk wannan, har yanzu kana iya cewa ya yi jinkiri, domin kowane wata na jira, wata ne da miliyoyin mutane suka ƙara a cikin bauta. Hujja ce mai ƙarfi. Bambancin shi ne yanzu ka faɗe ta bayan ka ji ta bakin ɗaya ɓangaren.

Wannan ya kawo mu ga wurin da ɗalibai masu ƙoƙari ma suke zamewa: da wane ma'auni za a auna mutumin da ya mutu shekara fiye da 150? Wasu suna cewa "haka zamaninsa yake" su wanke shi tas. Wasu suna auna shi da abin da muka sani yau su jefar da shi. Duka biyun gajeriyar hanya ce. Hanyar da ta fi ita ce ka nemi mutanen zamanin nasa da suka ga abin dabam, domin su ne shaidar cewa wata hanyar tana nan a lokacin. A batun Lincoln ba ka da wanda ya fi Frederick Douglass, wanda ya tsere daga bauta a 1838, ya kuma gana da Lincoln a fadar shugaban ƙasa. A jawabin da ya yi a 1876 wurin buɗe wani mutum-mutumin tunawa da Lincoln a Washington, ya ce Lincoln, kafin komai, shugaban farar fata ne. Ya ce in aka dube shi daga inda masu yaƙi da bauta suke tsaye, mai nawa ne kuma mai sanyin jiki, amma in aka auna shi da ra'ayin jama'ar da dole ya tafi da su, mai hanzari ne kuma mai tsayuwa a kan bakansa. Lura da yadda ya yi: ya bayyana ma'aunin kafin ya yanke hukunci, kuma ya yi awon sau biyu. Irin sharhin da malaminka yake nema ke nan. Duba ko littafinka ya ambaci Douglass, sau nawa, kuma a wane matsayi. Littafin da ya ba da labarin 'yanta bayi ba tare da muryar ko baƙar fata ɗaya ba, ba tare da ambaton sojoji baƙaƙen fata kusan 180,000 da suka yi wa gwamnati yaƙi ba, ya bar giɓi, kuma nuna wannan giɓi zai iya zama sakin layi mafi ƙarfi a takardarka.

In batun bayi ya yi maka faɗi, ga wani mai ɗan ƙunci: a 1861 Lincoln ya dakatar da 'yancin wanda aka tsare na a kai shi gaban alƙali a wasu yankuna, alƙalin alƙalai Roger Taney ya ce majalisa ce kaɗai ke da wannan iko, Lincoln bai bi hukuncin ba. Shin shugaba zai iya taka wani sashe na doka don ya ceci sauran? Wannan ma ya ishi shafi uku.

Sai tsarin rubutun. Shafi uku da aka buga da kwamfuta, da ɗan tazara tsakanin layuka, kalma 900 zuwa 1,000 ne. Sakin layi na farko, kalma 100 ko ƙasa da haka: sunan littafi, marubuci, shekara, da matsayinka a jimla ɗaya. Kada ka fara da haihuwa. Kwatanta waɗannan biyun. Na farko: "An haifi Abraham Lincoln a gidan talakawa, kuma ya zama shugaban Amurka na 16." Na biyu: "Na buɗe littafin nan ina ɗaukan Lincoln mutumin da ya hau mulki don ya 'yanta bayi, na rufe shi ina ganin mutumin da yaƙi da matsin wasu suka tura zuwa wurin da da farko bai yi niyyar kaiwa ba, kuma a ganina darajarsa tana cikin yarda da ya yi aka canza masa ra'ayi." Na biyun ana iya musa shi, shi ya sa ya zama ra'ayi. Ba na ce ka kwafe shi ba. Wataƙila kai akasin haka ka gani.

Daga nan taƙaitawa, kalma 150 zuwa 200, iya abin da mai karatu yake bukata don ya fahimci shawarar da ka zaɓa. Idan ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na takardar, ka koma gidan jiya. Kalma 450 zuwa 500 na tsakiya su ne naka: me ya yi, wace hanya ya bari, me ya sa, wa ya amfana, wa ya cutu. Kowace da'awa ka bi ta da lambar shafi. A cikin wannan sashe ka keɓe sakin layi guda ga hujja mafi ƙarfi da ke gāba da matsayinka, ka faɗe ta yadda mai ita zai yarda cewa ka yi masa adalci, sannan ka amsa. Sai kalma 100 zuwa 150 a kan marubucin: ina ya karkata, me ya tsallake, ina ya faɗi abu ba shaida. Abin da ya saura na rufewa ne, kuma nan ne wurin "abin da na koya", in har za ka sa shi.

A kan wannan darasi, ba laifi ba ne ka ce ka koyi wani abu. Matsalar "haƙuri da juriya" ita ce ba a ɗaure take da komai ba. Ɗaure ta da wani lamari. Misali, a jawabinsa na ƙarshe, ranar 11 ga Afrilu 1865, Lincoln ya goyi bayan a ba wasu baƙaƙen fata 'yancin zaɓe, musamman waɗanda suka yi aikin soja. Ajiye wannan kusa da abin da ya faɗa a Charleston shekara bakwai kafin nan. In ka ce abin da ka ɗauka shi ne mutum zai iya sauka daga matsayin da ya taɓa karewa a gaban dubban mutane, to ka faɗi abin da ba zai hau kan kowane shugaba ba, kuma kana da ranaku biyu da ke tsaye a bayansa.

Akwai kurakurai kaɗan da ke cin maki ko da tunanin ya yi kyau. Ɗauko maganar littafi da yawa na ɗaya daga ciki: uku sun isa, kowace kada ta wuce layi biyu, kuma bayan kowace ka rubuta aƙalla jimla biyu naka da ke bayyana abin da ka gani a cikinta. Maganar da aka ajiye ba bayani ba ta yi wa kowa aiki. Ka kuma rarrabe bakuna: "Lincoln ya ce", "marubucin ya ce", "a ganina". Idan suka cakuɗe, malami ba zai san wanne ne naka ba, kuma zai ɗauka babu. Mafi haɗari shi ne kwafar jimlar marubuci ka canza kalma biyu ka bar ta ba alama. Wannan satar fasaha ce ko da ba ka yi niyya ba, kuma yawanci daga wurin ɗaukar bayani take farawa. Maganinta: lokacin da kake rubuta bayananka, raba takardar gida uku, lambar shafi a hagu, abin da littafin ya ce a tsakiya da alamar zance in kalmominsa ne, abin da kai ka ce a dama. Bayanai goma sha biyar zuwa ashirin sun isa. Lokacin rubutu, daga gidan dama za ka gina, na tsakiya shaida ce kawai. Maganganun hikima da ake yaɗawa a intanet da sunan Lincoln kuwa ka guje su, domin da yawa ba shi ya faɗe su ba; abin da ba ka gani a littafinka da lambar shafi ba, bar shi.

Wani abu da nake so ka yi hattara da shi: kwatanta shi da shugabannin yau. Yana da daɗin rubutawa, kuma yakan cinye rabin takarda, a tashi ba a ce komai a kan littafin ba. In dole ne, jimla biyu, kuma a kan abu takamaimai.

Bambaɗanci da zagi duka suna da sauƙi, shi ya sa ba sa kawo maki. Ba a ce sai ka nemo wa Lincoln laifi don a ce ka yi nazari ba. In bayan ka auna ka ga ya yi daidai, faɗi haka da ƙarfinka, ka nuna abin da aka biya kafin a kai ga daidai ɗin: yaƙin ya ci rayuka fiye da 600,000.

Ga yadda zan raba maka mako biyun. Kwana ɗaya na binciken marubuci da jera ranaku. Kwana huɗu na sake karanta shafukan da suka shafi shawarar da ka zaɓa, shafi goma a rana, da takardar nan mai gida uku a gefenka. Rana ta shida ka rubuta matsayinka a jimla ɗaya ka karanta wa wani. In ya ce "ai kowa ya san haka", sake ta. Kwana biyu na daftarin farko, ba tare da tsayawa gyara ba. Sannan ka ajiye shi kwana biyu kada ka taɓa. Da ka dawo, ɗauki biro kala biyu: ja layi da ɗaya a ƙarƙashin duk jimlar da ke ba da labarin abin da ya faru, da ɗayan kuma a ƙarƙashin duk jimlar da ke auna shi. Idan kalar farko ta fi yawa, yanke daga cikinta har ta biyun ta rinjaye ta. Sauran kwanakin na duba ranaku da lambobin shafi ne ɗaya bayan ɗaya da littafin a buɗe, da karanta takardar a bayyane don kunnenka ya kama jimlar da ta yi tsawo.

Ranar da za ka miƙa, haɗa da tsohuwar takardar mai jan biro a baya, don malamin ya ga daga inda ka taso. In kuma da hali, kafin ka fara daftarin ka kai masa jimlar matsayinka ita kaɗai, ka ce: "Malam, wannan ra'ayi ne ko har yanzu taƙaitawa ce?" Minti biyu za ta ɗauke shi, kuma za ka san inda ka tsaya tun kana da sauran mako guda.